Rumbun da Ba a Leƙawa

Ɗana,

Tun shekaranjiya da na baro ofishinku wata magana take ci mini rai. Na so in faɗe ta a can, sai na ga shugaban ƙungiya zaune, ga magatakarda, ga ƴan mata biyu masu shigar da lissafi, na ce a'a, ba a gyara wa mutum zama a gaban masu ganin girmansa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ka karanta da sanyin zuciya, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Na ji daɗin abin da ka nuna mini, wannan kada ka yi shakka. Ni da na fara aiki lokacin da ake cika kaye da hannu, a ja layi da jan alƙalami, yau ga ɗan ƙanena a nan Kance ya danna sunan mutum, nan take buhunansa na gero da wake da gyaɗa sun fito, da ranar da ya kawo su mangaza, da bashin da ya karɓa, da abin da ya saura. Sai na tambaye ka, in wannan na'ura ta ƙi tashi gobe da safe, a ina za ka samo abin da ke cikinta? Ka nuna mini wani ɗan baƙin faifai kwance a bisa kanta, waya ta haɗa su, ka ce, "Baffa, ai kullum dare ita da kanta take kwafewa." Na ce yaushe rabonka da ka maido da wani abu daga cikinsa? Ka yi murmushi, ka ce ai ba ta taɓa lalacewa ba. Da na matsa ka buɗe, mu biyu muka gani da idonmu, kwafi na ƙarshe mai nauyi tun kafin babbar salla ne. Waɗanda suka biyo baya sunaye ne kawai a jere, ciki fanko. Faifan ya cika, na'ura tana ta rubuta kukanta kowane dare a littafinta, babu mai karantawa. Ka ce za ka duba, na kuma san za ka duba. Cikar faifai ƙaramin abu ne, a rana ɗaya ake gyara shi. Murmushin nan ne ya hana ni barci.

Bari in tuna maka abin da ke cikin wannan na'ura. Da kaka, in hatsi ya cika kasuwa farashi ya faɗi, manomi ya kan sayar da guminsa da arha don buƙata ta matsa, da bazara kuma ya dawo ya sayi hatsin nan da tsada. Don maganin haka aka shigo da jinginar amfanin gona a nan Nijar tun wajen ƙarshen shekarun 1990, abin da ma'aikata ke kira warantaj. Mutum ya kai buhunansa mangaza, a ba shi bashi a kansu, ya je ya yi lambu ko noman rake a fadama, ko ya yi kiwon rago, in ya biya ya ɗauki kayansa lokacin da suka yi daraja. Tsohuwar da ta kawo buhu uku na wake ba ta iya karatu ba. Hujjarta kaf ita ce layin nan guda da ke cikin na'urarka. Ranar da layin ya ɓace, ita za ta ce uku, mai gadin mangaza ya ce biyu ya tuna, magana ta kai fadar Sarkin Kance, mutanen da suke salla sahu ɗaya su koma rantse wa juna. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, can ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi take, da mai rubutu da shaidu. A wannan ƙungiya, mai rubutun kai ne.

Ka san kakanka, Allah ya jiƙansa, bai taɓa yarda da rumbu don ya ga jinkarsa lafiya daga waje ba. Ya kan hau ya leƙa, ya zura hannu can ƙasa ya zaro zangarniya, ya duba ko gara ta shiga ta gindi. Irin shuka kuwa, kafin ruwa ya sauka sai ya ɗebi kaɗan ya binne a gindin randa inda akwai laima, ya ga nawa za su tsiro. Malaman da ke kwafar littafi da hannu ma haka suke, in an gama sai a zauna mutum biyu, ɗaya riƙe da asali ɗaya riƙe da sabo, a bi layi-layi. Kwafin da ba a yi wa wannan muƙabala ba, ba a karantar da shi. Aikinka bai fita daga wannan ba. Kwafin ajiyar da ba a taɓa maido da shi aka gani ba, zato ne kake ajiyewa.

Kada ka ce wannan sakaci na mutanen ƙauye ne. Akwai kamfanin da ake kira GitLab, inda dubban masu rubuta manhaja a duniya suke ajiye aikinsu, kuma irin rumbun bayananka suke amfani da shi, PostgreSQL. Ranar 31 ga Janairu 2017, da dare, wani injiniyansu da ya gaji yana ƙoƙarin gyara na'ura ta biyu, ya ba da umarnin sharewa, ashe a kan babbar yake. Kafin ya ankara ya tsayar, daga bayanai kimanin gigabait 300, huɗu da rabi suka rage. Suka ce ba komai, muna da hanyoyin ajiya har biyar. Aka bi su ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta tsaya yadda aka zata. Wadda ta fi kama da taka ita ce ta pg_dump, kayan da ke kwafar rumbun. An ɗaga rumbun zuwa siga ta 9.6, kayan kwafar ya tsaya a 9.2, don haka kullum sai ya gaza. Yana kuwa aika wasiƙar cewa ya gaza, amma akwatin saƙonsu yana korar wasiƙar tun kafin ta isa ga kowa. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu sa'o'i shida kafin ɓarnar, don wata buƙata dabam. Aikin mutane na waɗannan sa'o'i shida ya tafi har abada, maidowar kuma ta ci kusan sa'a goma sha takwas. Waɗannan ƙwararru ne, ɗana, masu kuɗi da kayan aiki. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ni ma na sha wannan ɗacin, shi ya sa nake da bakin magana. A wani ofis da na yi aiki a birni, zamanin da ake kwafa a kaset, shekara guda cur ina sauya kaset kowace yamma, ina rubuta kwanan wata a bayansa, ina jerawa a kabad. Ranar da faifai ya mutu muka ɗauko su, na'urar karantawa ta ƙi ko ɗaya, ashe kanta ya daɗe da gocewa. Wata biyu muka yi muna sake shigar da lissafi daga takardu, akwai kuma ma'aikatan da albashinsu ya makara saboda mu. Har yau ina tuna fuskar wani dattijo mai gadi da ya zo sau uku yana tambaya, bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya.

To ga abin da nake so ka mayar al'ada. Tsohuwar na'urar nan da na gani a lungu an lulluɓe ta da buhu, ka tashe ta. Sau ɗaya a wata ka ɗauki kwafin daren jiya ka zuba mata, kamar babbar ta mutu da gaske. In ta tashi, ka ƙirga mambobi nawa, buhu nawa, jimillar bashi nawa, ka gwada da na babbar, sannan ka zaɓi sunaye goma ka gwada da kayen magatakarda. Ka duba agogo tun daga farko har ƙarshe, don ranar da shugaba zai tambaye ka yaushe za a buɗe wa mutane, ka ba shi amsar da ka auna. Kowane mataki ka rubuta shi a takarda da Hausa ko Faransanci mai sauƙi, yadda wanda ba kai ba zai iya bi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar ɓarna hannu rawa yake yi, mutane tsaye a bakin ƙofa, abin da ka sani sarai ma sai ya gudu daga kanka.

Sai maganar inda faifan yake kwance. Ka dubi ƙofar mangazarku, kwado biyu ne, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun masu ba da bashi. Ba wanda ya ɗauki wannan a matsayin zargi. Kai kuwa ka ɗora asali da kwafi a kan teburi ɗaya, ƙarƙashin rufi ɗaya, suna shan wuta daga waya ɗaya. Ɓarawon da ya ɗauki na'ura ba zai bar maka faifan ba. Tsawa ba za ta zaɓi ɗaya ta bar ɗaya ba. Ruwa ma haka. Ka ga daminar 2024, tsohon masallacin Birni a Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, a farkon Satumba ya zube. A watan Maris 2021 gobara ta cinye gini guda na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, wurin da aka gina musamman don tsaron na'urori, kuma cikin masu hayarsa akwai waɗanda kwafinsu na ajiya yake a wuri guda da asalin, suka tashi babu ko ɗaya. Ƙa'idar da masu sana'ar suka daɗe a kanta ita ce kwafi uku, a kan abubuwa iri biyu, ɗaya daga ciki nesa da gida. A wurinka wannan ba ya buƙatar miliyoyi. Faifai biyu za ka roƙi kwamiti ya saya, a riƙa musanya su duk mako, ɗaya yana ofis, ɗaya yana kulle a Matameye wurin abokan hulɗarku. Mota ba ta yankewa a wannan hanya.

Wanda yake can kuma ya zama a cire yake, ba ya haɗe da komai. Ga dalili. A watan Yuni 2017 wata muguwar manhaja da ake kira NotPetya ta shiga na'urorin kamfanin jiragen ruwa na Maersk. Suna da na'urori wajen 150 a faɗin duniya masu riƙe da mabuɗan shiga tsarinsu, kowace tana kwaikwayon ƴar'uwarta, suna ganin ai in ɗaya ta faɗi saura suna nan. Cutar ta bi wannan zumuncin ta shafe su gaba ɗaya. Guda ɗaya tak ta tsira, tana wani ofishinsu na Afirka, don an ɗauke wuta a can kafin harin, ta kasance a yanke. Da hannu aka ɗauko faifanta, aka bi da shi ta Najeriya zuwa Ingila. Na kawo maka wannan ne don na ji kana sha'awar sayen na'ura ta biyu mai bin ta farko ƙafa da ƙafa. Tana da amfaninta in ƙarfe ya lalace. Amma madubi ce, in ka share suna bisa kuskure a nan, a can ma ya sharu kafin ka ƙifta ido.

In faifai zai hau mota, to ka kulle abin da ke ciki da kalmar sirri mai ƙarfi. Bashin mutum tsiraicinsa ne. Akwai magidanta a garin nan da ko matansu ba su san sun jinginar da hatsi ba. Ban yarda ka tura kwafin rumbun nan ta WhatsApp ga kowa ba, ko da mai gidanka ne ya nema don sauri. Ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar da ke kula da ita, amma ko babu doka ai akwai kunya.

Yanzu littattafan na'ura, don na lura ka haɗa su duka ka kira su tarkace masu cin wuri. Iri biyu ne, kuma bambancinsu babba ne. Na farko shi ne wanda ake ce wa WAL. Ka san mai shago ya kan rubuta duk cinikin da ya shigo a ƙaramin kaye nan take, sai daga baya ya zauna ya juye a babban littafi. Haka PostgreSQL yake yi, ba ya taɓa babban littafinsa sai ya fara rubuta canjin a wannan kaye na gefe. In wuta ta ɗauke yana tsakiyar aiki, da ya farfaɗo sai ya koma kayen ya bi, ya tabbatar da abin da aka kammala, wanda aka bari rabi ya zama kamar ba a yi ba. Wannan ba naka ba ne na karantawa, kuma ko faifai ya cika maƙil kada ka kuskura ka share shi da hannu. Mutane da yawa sun hallaka rumbunsu ta haka, har masu manhajar suka sauya wa wurin suna a siga ta 10 da ta fito a 2017, daga pg_xlog zuwa pg_wal, don sunan farko yana ruɗin mutane su zaci shara ce.

A nan ma akwai wata ni'ima da ba ka mora ba tukuna. Kwafin dare ɗaya yana nufin in abu ya faru da la'asar, aikin yinin ya tafi. Da rani wannan da sauƙi. Amma ka tuna rana guda ta kaka, amalanke a jere har bakin titi, buhuna suna shiga tun hantsi. In ka ɗauki cikakken kwafi da pg_basebackup, kana kuma tara shafukan WAL a wani faifai dabam yayin da suke cika, za ka iya ce wa rumbun ya koma yadda yake ƙarfe goma da minti goma sha huɗu, minti ɗaya kafin a yi kuskuren. Da kwafin pg_dump kaɗai ba a yin wannan. Ko ya cancanci wahalar, ba kai kaɗai za ka yanke ba. Ka zaunar da kwamiti ka tambaye su da Hausa tsantsa, asarar aikin sa'a nawa za ku iya ɗauka? Su ne masu dukiyar. Kafin su amsa, kada kowa ya daina ba da rasit na takarda.

Littafi na biyu shi ne naka, wanda na'ura ke faɗa maka damuwarta a ciki, kuma shi ne ya yi ta kiranka tun babbar salla. Minti biyar yake nema kowace safiya, kafin shayi. Wuri ya kusa cika? An kashe ta ba bisa ƙa'ida ba? Wani ya yi ta gwada kalmar sirri da tsakar dare? Ka sa ya riƙa juyawa, na kowace rana dabam, tsofaffi su matse su koma ajiya. Ka kula da agogon na'urar, don ɗan batirin da ke riƙe shi ya kan mutu, littafin da kwanan watansa ƙarya ne kuwa ba ya shaida a gaban kowa. Sannan ka juya tsarin sanarwarka. Kada ka jira na'ura ta gaya maka ta gaza, ka ga yadda wasiƙar GitLab ta ɓata a hanya. Ka sa ta gaya maka ta yi nasara, kowace safiya saƙo ya shigo wayarka da nauyin kwafin daren. Ranar da ka ji shiru, ka tashi ka je.

Akwai abin da na gani ban so ba, zan faɗa a taƙaice. Kalmar sirri ɗaya ku huɗu kuke shiga da ita, ta babban mai iko ce, tana rubuce a ƴar takarda ƙarƙashin allon dannawa. In wata rana aka wayi gari biyar ta zama uku a lissafin wani, littafin zai ce mai iko ne ya sauya, ba zai ce wane ba, zargi kuma kan yaran nan mata zai fara sauka don su ne ƙanana. Ka ba kowa sunansa da mabuɗinsa, da iya ikon da aikinsa ke buƙata. Kai ma ka riƙa aikin yau da kullum da ƙaramin mabuɗi, babban ka ɗauko shi sai da dalili, kuma ba da dare ba, ba kana gajiye ba.

Wuta kuwa ba sai na faɗa maka ba. Lantarkin wannan yanki ta layin Katsina zuwa Gazawa yake shigowa, ka kuma ga abin da ya faru daga Agusta 2023, da Najeriya ta yanke shi bayan juyin mulki, har zuwa Maris 2024. Batirin da ke tare wa na'urarka wuta, aikinsa ya ba ta lokacin rufe littafinta ta kwanta lafiya. Zafin Afrilu da Mayu yana cin ransa da wuri, don haka ka zare wayar bango da gangan lokaci-lokaci, ka ga minti nawa yake ɗauka. Ƙurar hunturu ma ka riƙa hure ta daga fankar.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi mini nauyin faɗa. Duk wannan ilimi a kanka kaɗai yake. Na san akwai daɗi a ce in ba wane ba, ba mai iya taɓa na'ura. Amma kai matashi ne, gobe aiki zai iya kiranka Yamai ko Kano, rai kuma a hannun Allah yake. Ka rubuta manyan kalmomin sirri, har da na buɗe faifan ajiya, ka sa a ambulan ka liƙe, shugaba da ma'aji su sa hannu a bakinsa, a kulle inda ake kulle kuɗi. Yarinyar nan mai zama kusa da taga, na ga yadda take bin hannunka da ido sa'ad da kake dannawa. Ka koya mata. Gwajin wata mai zuwa ita za ta yi shi da takardarka a hannu, kai kana zaune ka harɗe hannuwa, duk inda ta tsaya ka san takardar ce ke da gyara.

Ranar Asabar bayan la'asar zan shigo, in Allah ya kai mu. Ka share tsohuwar na'urar ka haɗa ta, ka ce wa magatakarda ya zo da kayensa na bara da na bana. Akwai faifai guda a wurina da ban cika amfani da shi ba, zan taho maka da shi mu fara da wannan kafin kwamiti ya zauna. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata na gode da ƙulin da ta aiko.